Lamba ta Biyu a Fayil ɗin Baba

Daga ƙirji kurajen suka fara wa Baba. Ni na fara ganinsu, da safe, lokacin da na kai masa ruwan shan magani na tarar ya ɓalle maɓallan riga yana susa kamar mai jin haushin fatarsa. Na ce ko sauro ne, ya ce sauron da zai yi wannan aikin sai dai in kwangila aka ba shi. Kafin mu ankara jajayen kuraje sun rufe masa baya, sun gangara cinya, sun hau wuya har bayan kunne, ga zazzaɓi a kai. Muka ɗauke shi zuwa asibiti, aka ba shi gado.

Baba surukina ne, mahaifin maigidana. Maigidan nawa shi ne ɗan ƙaraminsu, har yau da furfura a gemunsa Auta suke ce masa, ni kuma matar Auta, kamar iyayena ba su raɗa mini suna ba. Mu muke zaune da tsofaffin, su a ɗakin ƙasa da ke kallon tsakar gida, mu a sama. Tun bara 'ya'yan suka zauna suka yi shawara, ba da ni ba, suka yanke cewa ni zan riƙa ba Baba maganinsa na hawan jini da na suga, tunda idon Mama ya yi rauni, ba ta iya karanta rubutun jikin kwali. Suka sayo wata 'yar roba mai gida-gida, kowace rana da gidanta, suka damƙa mini. Ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Na karɓa, na kuma yi aikin yadda ya kamata, wannan ko a gaban wa zan faɗa.

Likitar da ta duba shi yarinya ce siririya mai saurin magana. Ta ɗaga rigarsa, ta danna kurajen da yatsa, ta leƙa bakinsa, ta ce wannan aikin magani ne, jikinsa ne ya ƙi wani abu da ya sha. Sai ta tambaya wane sabon magani aka fara ba shi a 'yan makonnin nan. Na ce babu. Ta ce in sake tunani, domin waɗanda yake sha ya yi shekaru a kansu lafiya lau, da wuya su tashi rana tsaka su juya masa baya. Na sake cewa babu. Ta dube ni, ta dubi Auta, ta rubuta abin da za ta rubuta ta wuce gado na gaba.

Da a nan maganar ta tsaya, da na ce Allah ya rufa asiri. Amma akwai Anti Lamba.

Ita ce babbar yayarsu, kuma a wannan asibitin take aiki, ko da yake ba ta taɓa riƙe allura ba. Aikinta a ɗakin fayil yake, can ƙasan bene, inda ake mayar da kowace cuta lamba. Likita ya rubuta abin da ya gani da rubutun nan nasu mai kama da sawun kaza, su kuma su karanta su shigar a kwamfuta da harafi da 'yan lambobi. Daɗewa a wannan aiki ya sa ko mura ka ce kana yi sai ta tambaye ka ta hanci ce ko ta maƙogwaro. Yaran gida ne suka laƙaba mata sunan, ta ji, ba ta hana ba.

A baranda ta tsayar da mu, ni da Auta, kusa da inda ake jingine kekunan tura marasa lafiya. Ta ce kurajen da magani ya fesa wa mutum a duk jiki lambarsu ɗaya ce, an san ta, ba gardama. Amma ba ta tafiya ita kaɗai, sai an bi ta da ta biyu, wadda za ta faɗi wane magani ne da kuma yadda aka yi ya shiga cikin mutum. Sai ta ɗaga hannu ta fara lanƙwasa yatsu. Ko dai likita ne ya rubuta, aka sha daidai, jiki ya ƙi, wannan ba laifin kowa ba ne. Ko kuskure aka yi, aka ba shi abin da ba nasa ba. Ko shi ya sha don ya cutar da kansa. Ko wani ya ba shi don ya cutar da shi. Ta ce akwai wata da ake sawa in an rasa gane komai, amma ita tana raye ba za a sa wa ubanta lambar “ba a sani ba”.

Duk yatsan da ta lanƙwasa, ni take kallo. Auta kuwa ya samu abin kallo a ƙasan takalminsa.

Na ce, “Anti, in magana ce a bakinki ki fito da ita, ni ba na jin yaren yatsu.”

Ta ce, “Ni ban ce komai ba, matar Auta. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.”

Wallahi raina ya ɓaci ƙwarai. Na san inda maganar ta dosa. Zaman da na yi a gidan nan, wankin zanin gado da dafa abinci marar gishiri da tashi duba tsoho, duk zai tashi a banza in aka ce ni na ba shi abin da ya kusa kai shi kabari. Kuma na san mijina, mutumin kirki ne amma kunnensa na yayarsa ne.

Washegari Anti ta ce in tattaro duk wani magani da ke cikin robar da kwalayensa in kawo mata ɗakin aikinsu. Na sauka matakala biyu masu warin maganin goge ƙasa, na bi wani lungu mai fitila ɗaya tana kiftawa. Ɗakin ba taga. Kantoci ne daga ƙasa har rufi, cike da fayil masu launi-launi a gefe, ga fanka tana juya iskar jiya, ga tebur uku kowanne da kwamfuta da kofin shayi da ya huce. A dokarsu ma'aikaci ba ya taɓa fayil ɗin ɗan'uwansa, don haka na Baba yana kan teburin abokin aikinta, wani dattijo mai sanƙo da suke kira Malam Sai-an-rubuta.

Na ɗauka shi ne zai yi mini tambayoyin, har na shirya masa amsa tun a mota. Na zube ledar magani a gabansa na fara bayani. Ya ɗaga tafin hannu ba tare da ya kalli ledar ba, ya ce in yi haƙuri, shi ba ya jin bakin dangi. Ko da idonsa ya ga an ɗura wa mutum magani, in likita bai rubuta ba, a wajensa ba a yi ba. Likitar ta rubuta “kuraje a duk jiki, sanadin magani”, ta tsaya nan. Shi kuma ya aika mata tambaya sama, wane magani, kuma ta yaya. Har sai amsa ta sauko, fayil ɗin zai zauna a buɗe a gefen hagunsa. Ya nuna mini wurin, na ga sunan Baba a saman wasu ma da suke jiran tasu amsar.

Shi dai ya sallame ni, amma Anti ba ta sallame ni ba. Ta zazzage ledar a teburinta, ta bi kwali ɗaya-ɗaya tana duba ranar lalacewa, ta buɗe gidajen robar tana juya ƙwayoyin da bakin biro. Ba ta samu komai ba. Na ɗauka za ta ce in yi haƙuri, sai ta ce ai wanda ya san ya yi kuskure yana iya gyara roba kafin ya kawo ta.

Tunda abin ya zama haka, ni ma na buɗe nawa ofishin zargin. Ruwa ba ya tsami banza, wani ne ya ba tsohon nan wani abu, kuma ba ni ba ce. Na fara da mai kemis ɗin bakin layinmu, wanda ko ciwon kai ka kai masa sai ya haɗa maka ƙwaya kala huɗu a takarda. Na tsaya a gaban kantarsa na tambaye shi ko Baba ya taɓa aikowa. Ya rantse rabonsa da ganin tsohon tun kafin ya canza fentin shago, ya kuma ce in zan ɓata masa suna in rage murya, akwai masu saye. Daga nan na koma kan aminin Baba, tsohon direban da ke zuwa hira da yamma, aljihunsa kullum cike da ƙulle-ƙullen maganin ciwon gwiwa. Na tare shi a ƙofar gida. Ya zazzage aljihun a gabana, ba komai sai alewar tari da makulli, ya tafi yana cewa yau ya ga ikon Allah, yarinyar da aka kawo jiya tana caje shi. Har ita Antin ban bari ba, na tuna ta taɓa kawo wa Baba wani maganin ƙarin jini. Na hau kujera na lalubo kwalbar a saman kabad, na tarar ko murfinta ba a fasa ba, abin ya ba ni haushi.

Ana cikin haka Baba ya fara samun sauƙi. Aka yi masa ƙarin ruwa, aka shafa masa mai, kurajen suka dushe, fatar ta fara saɓa kamar ta maciji. Kowa ya yi murna, ni ma na yi, sai dai murnar tawa da ƙaya a ciki. A asibiti nas ce take ba shi magungunansa na kullum, waɗannan dai da nake ba shi, kuma ga shi yana warkewa. Anti ba ta ɓata lokaci ba wajen nuna wa 'yan'uwanta lissafin: magani bai canza ba, hannu ne ya canza.

Da aka sallame shi, robar ta bar hannuna. Anti ta sa ta a akwatin ƙarfe mai kwaɗo, ta ba Auta makullin, ta ce shi zai riƙa bayarwa kafin ya fita aiki da bayan ya dawo. Ya karɓa bai dube ni ba. Wannan ya fi maganar Anti yi mini ciwo, domin ita ba ta taɓa sona ba, shi kuwa da bakinsa ya sha cewa ba don ni ba da bai san yadda zai yi da iyayensa ba. Na ce to, Allah ya ba da sa'a, na koma kicin abina.

Ba a yi mako ba kurajen suka dawo, kuma wannan karon da fushi suka zo. Fuskar Baba ta kumbura, leɓensa ya tsattsage. Na ce a raina yanzu kam gaskiya ta yi halinta, tunda ko inuwar akwatin ban taka ba. Ashe ban san Anti ba. Ta zo gidan da rana tsaka, ta tsaya a ƙofar kicin tana kallon tukwanena, ta tambayi ƙaninta wa yake dafa wa Baba abinci, wa yake haɗa masa shayi. Ba ta ƙara ko kalma ba. Na gane mun tashi daga yatsan kuskure mun koma yatsan ƙarshe.

Da yamma Auta ya same ni a ɗaki. Ya zauna bakin gado yana murza makullin nan a hannu, ya ce yana ganin zai fi kyau in je gidanmu in ɗan huta, kafin ƙura ta lafa. Na tambaye shi ko shi ma yana jin zan iya zuba wa ubansa wani abu. Ya ce shi bai ce ba. Na ce ai ba ka ce a'a ba. Ya tashi ya fita. Na yi kuka har kaina ya yi ciwo, sannan na jawo jaka na fara ninke kaya, don ni ba a korata sau biyu.

Da safe aka shirya za a mayar da Baba asibiti. Auta ya ba shi maganinsa, ya kulle akwati, ya fita nemo mota. Ni kuma na sauko da jakata, na ce bari in yi wa tsofaffin sallama, ko ba komai sun riƙe ni da mutunci. Labulen ɗakinsu a ɗage yake kaɗan. Baba yana zaune a bakin gado da kumburarriyar fuskarsa, Mama tana tsaye a kansa tana kwance ƙulli a gefen mayafinta. Ta ciro wata farar ƙwaya ta sa masa a tafin hannu, ta miƙa masa kofi.

Na san ƙwayar, ni nake karɓo mata ita. Watanni kaɗan da suka wuce Mama ta yi fama da wani ciwo mai fizgar gefen fuska, likita ya ce jijiya ce, ya rubuta mata wannan. Ta ƙi yarda kowa ya riƙe mata, ta ce ba ta zama jaririya ba tukuna.

Baba ya ɗago ya gan ni ta gefen labule. Muka haɗa ido. Ya kai ƙwayar baki, ya kurɓi ruwa. Mama ta ce ya buɗe baki ta gani, ya buɗe, ta ce ya ɗaga harshe, ya ɗaga. Ta gyaɗa kai, ta ɗauki kofin ta wuce ni zuwa kicin, har tana tambayata ko unguwa za ni da jaka.

Na shiga na tsaya a gabansa. Ban taɓa ɗaga wa surukina murya ba, ran nan ma ban ɗaga ba, amma na faɗa masa abin da ke raina. Na ce, “Baba, kana kallo ana cewa ni na cuce ka. Kana kallo aurena yana tangal-tangal. Ga jakata nan a ƙofa, kuma kai ka san hannun da yake ba ka.”

Ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana, da ƙyar take fita saboda leɓen. Ya ce tun suna da ƙuruciya Mama ce take ba shi magani, ko na ciwon kai bai taɓa ɗauka da kansa ba. Ranar da yara suka karɓe aikin suka ba ni, ba ta ce uffan ba, amma ta daina cin abinci na kirki, tana zama tana kallon bango. Sai da aka ba ta nata maganin ta fara raba shi biyu, ɗaya nata ɗaya nasa, a ganinta nasa ne take ba shi kamar da. Ya ce ba idonta kaɗai ne ya tafi ba, kanta ma ya fara tafiya, shi yake rufewa. Wani lokacin tana tambayarsa yaushe mahaifiyarta za ta zo, matar da ta rasu tun kafin a haifi Auta. Ya ɗauka 'yar ƙwaya ɗaya ba za ta yi masa komai ba. Ya gwada ɓoyewa a ƙarƙashin harshe, ta kama shi, ta yi kuka.

Ya ce, “'Yata, na cuce ki, na sani. Amma in yayarsu ta ji, yau ɗin nan za ta ɗauke ta ta kai gidanta. In ba ni kusa, ba za ta kai kwana biyu a can ba.”

Na ce masa ni ba dutse ba ce, na ji tausayinsu, amma dole likita ta san sunan maganin, in ba haka ba karo na gaba gawarsa za a ɗauko. Sai ya ce in bar masa, shi zai faɗa da bakinsa, ta yadda zai wanke ni bai kuma taɓa ta ba. Na yarda, ko da yake zuciyata ba ta kwanta ba. Na tura jakata bayan ƙofa, na zari katin ƙwayar ɗaya daga ƙarƙashin matashin Mama, na bi su asibiti ba wanda ya gayyace ni.

A gaban likitar, da Auta a tsaye, Baba ya karɓi katin daga hannuna ya miƙa. Ya ce maganin matarsa ne, shi yake ɗauka da kansa yana sha in ba kowa a ɗaki, ba wanda ya ba shi, kuma yana sane sarai ba nasa ba ne. Likitar ta karanta sunan, ta ce biri ya yi kama da mutum, wannan ya saba yin haka, kuma kada ya ƙara shiga bakinsa har abada. Ta rubuta maganarsa yadda ya faɗa. Auta ya saci kallona. Na ɗan ji iska ta shige ni.

Baba ya ɗauka ya gama dabara. Bai san da ɗakin ƙasan bene ba.

Da la'asar tambaya ta hau sama daga teburin Malam Sai-an-rubuta. An samu sunan magani, saura yadda aka yi. Marar lafiya ya ce yana sane ba nasa ba ne, ya kuma sake sha bayan an kwantar da shi a kansa. To kuskure ne, ko nufin cutar da kai? Likitar ta zo da tambayar bakin gado, Anti tana biye da ita, fuskarta ba annuri. Likitar ta ja labule ta zauna, ta yi wa Baba bayani a hankali cewa in da niyya ya sha, dole ta kira likitan ƙwaƙwalwa, kuma ba za a ƙara barinsa shi kaɗai ba ko a banɗaki.

Baba ya ce subhanallahi, shi da ya kai wannan shekarun yana jiran lokacinsa cikin mutunci, me zai kai shi. Ta ce to kuskure ne ke nan. Ya ce eh, kuskure. Ta ce amma ɗazu ya ce yana sane. Na ga gumi yana bin kurajen goshinsa. Abin da ya faru da shi ba ya cikin yatsun Anti ko ɗaya, kuma ba zai iya faɗa ba.

Anti ta juyo kaina. Ta ce ubanta bai taɓa ɗaukar magani da hannunsa ba tunda ta yi wayo, wani yake karewa. Ta tambayi Auta wa yake karɓo wa Mama nata maganin, kuma daga hannun wa katin ya fito ɗazu. Auta ya amsa da ƙaramar murya, ya ce matarsa ce. Shi ke nan, an bar jaki an dawo dukan taiki. Maganar tana bakina, sunan Mama kawai zan ambata, na dubi Baba, ya ɗan girgiza mini kai. Na cije leɓe. Ban san ko tausayi ne ya riƙe ni ko taurin kai ba, na dai san ina jin haushin kowa a wurin, har shi.

A lokacin ne aka buɗe ƙofa ga masu dubiya. Kwanciyar farko ba a kawo Mama ba, an ce kada ta gan shi haka hankalinta ya tashi. Yau kuwa ta tasa tsohon direban a gaba sai da ya kawo ta. Ta ɗaga labulen ta shigo tana faɗa, wai an ɗauke mata miji ba a ko gaya mata ba. Ta gyara masa matashi, ta taɓa goshinsa, ta ce wa likitar, “Ke yarinya, matsa.” Sannan ta kalli hasken taga, ta kama gefen mayafinta ta fara kwance ƙulli.

Ba wanda ya motsa. Ta ciro farar ƙwayar, ta kamo hannunsa, ta buɗe tafin ta ajiye.

Ta ce, “Kun tsaya kuna kallo lokacin maganinsa yana wucewa. Ke, miƙo ruwa. In ba ni na tuna ba, ba mai tunawa a gidan nan.”

Anti ta zauna a bakin gadon. Ta dubi ƙwayar, ta dubi uwarta, ta kai hannu ta rufe bakinta. Likitar ta jawo fayil ta yi rubutu gajere, na ga hannunta ya tsaya a kalma ɗaya, na san kuskure ta rubuta. Auta ya matso kusa da ni ya ce a kunnena in yafe masa don Allah. Abin da na yi kwanaki ina nema ke nan, ga shi ya zo, an wanke ni tas a gaban kowa, kuma ban ji daɗinsa ko kaɗan ba.

Anti ta share ido, ta ce wa ƙaninta ƙasa-ƙasa ya je gida ya haɗo kayan Mama, ɗakin baƙi na gidanta a share yake. Ta ɗauka a hankali ta faɗa, amma Baba ya ji, na ga kafaɗarsa ta sauka.

Mama ba ta ji komai ba. Ta gaji da jira ta ɗauko kofin da kanta, tana riƙe da shi a saitin bakinsa. Ta ce ya haɗiye mana ta gani. Baba ya dubi abin da ke tafinsa ya daɗe, sannan ya dunƙule hannun a hankali ya mayar da shi kan cinyarsa.

Ya ce, “Yau ba zan sha ba.”

Ta tsaya da kofin a hannu, ruwan yana ɗan zuba a kan zanin gado. Ta bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta dawo kansa.

Ta ce, “Shekara nawa ina ba ka kana karɓa? Me na yi maka yau?”